Kafin Ka Sayi Sabon Batir, Ɗana

Ɗana, motar da ta mutu murus ba ta kai wadda ke tashi yau ta ƙi gobe wahalar da mai ita ba. Wadda ta mutu an san ta mutu. A jawo ta gareji, bakanike ya bi ta da mita, kafin la'asar ya ɗora yatsa a kan abin da ya lalace. Amma wadda ta kai ka kasuwa lafiya lau, ka fito da kaya ka murɗa makulli ta yi maka shiru, ka kira bakanike ya zo a kan babur, ya zauna ya taɓa makullin sau ɗaya ta tashi kamar ba ita ba, wannan ita ce mai cin aljihu. Ga kunya, ga kuɗin babur, ga zuciya ta riga ta hau. A nan ne mutum yake cewa, "A canza batir ɗin kawai mu huta." To ni nasihata gare ka ita ce ka riƙe aljihunka tukuna. Kada ka sayi ko noti ɗaya sai an kama matsalar tana cikin yi.

Ga dalilina. Abin da ya ƙone ba ya farfaɗowa da kansa. Matsalar da ke zuwa tana tafiya, galibi mahaɗa ce: wani wuri ne da ƙarfe biyu ya kamata su kama juna tam, sai tsufa ko tsatsa ko zafi ko girgizar hanya ta sa suna haɗuwa yanzu, an jima su saki. Motocin da muke hawa da yawansu sun ci shekara goma ko fiye a Turai da Amurka kafin su sauka Kwatano ko Legas. A can ana barbaɗa gishiri a titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfe da waya ta ƙarƙashi. Daga nan suka zo suka haɗu da ƙurarmu da ramukanmu da zafin bazara, suka kuma bi ta hannun masu wayarin iri-iri, kowa ya yanka ya ɗaura ya naɗe da salatif. Mota irin wannan tana da ɗaruruwan mahaɗai, guda ɗaya kacal ta isa ta zaunar da kai a bakin titi. Kuma sau da yawa gyaranta bai kai kuɗin rubu'in batir ba.

Matsalar ita ce bakanike ba ya nan lokacin da abin yake faruwa. Kai ne kaɗai ka gani, kai ne kaɗai ka ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka ranar da ta ƙi tashi, kada ka ɓata mintocin farko da tsaki da dukan sitiyari da ƙwala wa yaran unguwa kira su zo turi. Mintocin nan su ne suka fi komai daraja a duk gyaran. Kashe rediyo, sauke gilashi, ka sake murɗa makulli kana saurare.

Ƙin tashi iri uku ne, duk da cewa mu da baki ɗaya muke faɗarsu. Akwai wanda za ka murɗa ka ji shiru, ko ka ji ƙas sau ɗaya, ko ƙas-ƙas-ƙas da sauri, injin ko motsi bai yi ba. Akwai wanda injin zai juya da nauyi, yana ja da ƙyar. Akwai kuma wanda kik zai juya injin ras da ƙarfinsa amma wuta ta ƙi kamawa. Na farko da na biyu maganar batir ce da wayoyinsa da kik. Na uku kuwa batir ya riga ya wanke kansa, tunda ga shi yana juya inji. Sai a nemi mai ko wutar filogi. Idan ka iya gaya wa bakanike wanne ne a cikin ukun nan, ka rage masa rabin aiki, ka kuma rage wa kanka rabin asara. Na sha ganin mutum ya sayi batir sabo dal don motar da kik ɗinta ke juyawa lafiya. Kuɗin nan sadaka ya yi wa mai shago.

Bari mu tsaya a kan na farkon, domin shi ya fi yawa. Kunna fitilun gaba, ka sa wani ya tsaya yana kallonsu, ko ka fuskanci bango, sannan ka murɗa makulli. In fitilun suka dushe ƙwarai ko suka ɗauke gaba ɗaya, wutar ce ba ta isa: ko batir ya yi sanyi, ko kan batir ya saki, ko kik ɗin ya cije. In kuwa fitilun suka tsaya da haskensu tar amma inji bai juya ba, wuta tana nan, hanyar shiga kik ce ta toshe. Wannan gwaji ba ya buƙatar ko sufana.

Sai ka buɗe bonet ka kama kan batir da hannu ka murɗa. In ya juya, ka kama ɓarawo ɗaya. Kik yana zuƙar wuta sama da amfiya 100 a lokacin da yake juya inji, wani ma ya haura 200. Kan batir mai ɗan sako-sako zai iya kunna rediyo da hon da fitilar cikin mota ba tare da gardama ba, amma da an nemi wannan babbar wuta sai ya gaza. Shi ya sa mutane ke ruɗewa su ce, "Ai batir ƙalau yake, ga hon yana yi." Hon ba shaida ba ne. Duba ko akwai wani farin gari ko kore-kore da ya taru a kan, ko an cusa ƙusa ko guntun gwangwani don a cike giɓi, abin da ake yi a bakin titi da sunan taimako ya zama na dindindin. Bayan ka gwada tayarwa, ɗan taɓa kawunan biyu a hankali. Wanda ya yi zafi, a nan wuta take shan wahalar wucewa. A kwance shi, a fara da na nagatif, a wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, a goge da sanfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli, a ɗaure tam.

Kada ka tsaya a kan batir kawai. Bi baƙar wayar nan mai kauri ka ga inda aka ɗaure ta a jikin mota, ka nemi kuma wadda ta haɗa inji da bodi. Wutar da ta shiga kik dole ta sami hanyar komawa batir, kuma ta nan take bi. Sau da yawa idan an sauke inji ko giya, sai a manta a mayar da wannan waya, ko a ɗaure ta a kan fenti da tsatsa. Wani lokaci daga waje robar wayar tana nan sumul, a ciki kuwa tagullar ta zama kore ta rududduge.

Mita ta auna wuta ba ta da tsada, kuma duk mai tsohuwar mota ya kamata ya ajiye ɗaya a cikin aljihun dashbod. Awo uku kawai nake so ka haddace. Batir mai cikakken caji, bayan ya huta, yana nuna volt 12.6, in ka ga 12.2 ya kai kusan rabi. Lokacin da kik ke juyawa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan inji ya tashi kuma, ka ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka, alamar altaneta tana caji. Da waɗannan ukun ba wanda zai sayar maka da batir da baki kawai.

To in batir da wayoyi sun fita, kuma ƙas ɗaya kake ji? A jikin kik akwai solonaid, a cikinsa akwai wasu 'yan tagulla biyu da wani faifai da ke dukansu duk lokacin da ka murɗa makulli. Kowane duka yana fitar da ɗan tartsatsi, kowane tartsatsi yana cin tagullar kaɗan. Bayan shekaru sai ka tarar ɗaya ta zaizaye ta yi rami, faifan yana sauka a karkace: wani lokaci ya taɓa duka biyun mota ta tashi, wani lokaci ya taɓa ɗaya ka ji ƙas. Kik ɗin Denso da ke cikin Toyota da yawa ya yi suna da wannan, kuma tagullar ake canzawa, ba kik ɗin gaba ɗaya ba. Haka burushin da ke cikinsa idan ya cinye. Wannan ne asirin da ya sa in an ɗan ƙwanƙwasa kik da sufana yayin da wani ke murɗa makulli sai mota ta tashi. Ɗauki wannan a matsayin gwaji, ka san laifin yana cikin kik, ka je a buɗe shi. Kada ka mayar da shi sana'ar kullum, kada kuma ka bari wani ya sa guduma da ƙarfi, domin kik na zamani yana da maganaɗisu a ciki wanda duka ke farfasawa.

In shiru ne tsit, ko ƙas ɗin babu, ga fitilu na haske, mota kuma otomatik ce, taka birki ka mayar da giya N ka gwada. In ta tashi a N ta ƙi a P, wani ɗan makunni ne a jikin giya da aka sa don kada mota ta tashi tana cikin giya, shi ne ya gaji ko ya goce. Gwada kuma jijjiga makullin kaɗan yayin da kake riƙe da shi a wurin tayarwa, domin mazaunin makulli ma yana cinyewa. Wannan tarin makullan gida da na shago da na ofis da kake rataye wa a jikin na mota, raba su.

Mu koma kan na uku, wanda inji ke juyawa amma ya ƙi kamawa. A nan kunnenka ne jarinka. A motar da ke da nozul, idan ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kafin ka kai ga tayarwa, famfon mai yakan yi wani ɗan zuuu na kamar daƙiƙa biyu daga wajen tanki, sannan ya yi shiru. A motoci da yawa haka abin yake. Koyi muryar nan tun motar tana lafiya, don ranar da babu ita ka gane. Amma rashin jin ta ba ya nufin famfon ya mutu. Yana iya zama fis ne, ko rile, ko soket ɗin da ke kan tanki.

Na san wani malamin makaranta mai Honda Accord ƙirar tsakiyar shekarun 1990, wadda ake kira Bulldog. Da asuba tashi ɗaya take yi. Amma in ya ajiye ta a rana ya shiga aji, ya fito da azahar, sai ta yi ta juyi ba kamawa. Ya zauna gindin bishiya ya bar ƙofofi a buɗe don zafi, bayan wani lokaci ya gwada, ta tashi. An canza masa famfo, an canza filogi, an wanke nozul, har an fara zancen biren bos, wato kwamfutar mota. Ranar da aka yi dace wani dattijon mai wayarin ya same ta tana cikin ƙin, bai buɗe bonet ba ma. Ya sa kunne, bai ji famfo ba. Ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin dashbod ta gefen sitiyari, ya ɗan bugi wani ƙaramin akwati da yatsa, sai ga zuuu. Babban rile ne, wanda ke ba famfo da nozul da kwamfutar mota wuta. Da ya ɓalle murfin ya ɗaga shi a rana, sai ga wasu siraran zobba kamar gashi sun kewaye ƙafafun da aka liƙe da dalma. Dalmar ce ta tsage. In cikin mota ya ɗau zafi tsagar ta buɗe, in ya huce ta rufe. Honda na wancan zamani, Accord da Civic, an san su da wannan ciwo a duk inda ake hawansu. Ya ɗiga sabuwar dalma, aikin da mai gyaran rediyo ma zai iya. Ka lura, duk bayanin da ake buƙata yana bakin malamin tun farko: rana, azahar, buɗe ƙofa. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai ɗauka abin faɗa ba ne.

Zafi yana tona asirin wasu ma. Akwai sansar da ke gaya wa kwamfuta cewa inji yana juyawa, tana kusa da kiranshaf. In ta tsufa takan yi aiki da sanyi, ta ɗauke in inji ya gasu, kuma muddin kwamfuta ba ta ji daga gare ta ba, ba za ta saki wutar filogi ba, ba za ta buɗe nozul ba. Alamarta ita ce ka yi doguwar tafiya, ka tsaya shan mai ko salla, ka dawo ta ƙi, sai ta huce. Kalli allurar da ke nuna juyin inji yayin da kik ke aiki. A motoci da yawa takan ɗan motsa, in ta kwanta ɗif ka faɗa wa bakanike. Kwayil ma yakan yi irin wannan hali. Masu tsohuwar Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, su nasu ciwon ya fi zuwa da damina: raɓa ta kwana a cikin hular dilko, in akwai 'yar tsaga wuta ta bi ta nan ta gudu. A goge da busasshen tsumma ta tashi, amma hular ce ke neman canji.

Abu biyu kuma a gurguje. In motarka mai makullin tsaro ce, duba ko wata fitila mai hoton makulli tana ƙiftawa lokacin da ta ƙi, ka gwada ɗaya makullin in kana da shi. Sannan ka tambayi kanka inda ka sha mai na ƙarshe. Waɗanda suka ga abin da gurɓataccen fetur ya yi wa motoci a Najeriya a Fabrairun 2022 ba sa buƙatar dogon bayani, kuma galan ɗin bakin titi ba ya rasa ruwa ko laka. Yawo da tanki kullum a ja shi ma yana gajiyar da famfo, domin man da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi.

Ka samu ɗan littafi ko ka rubuta a wayarka duk ranar da ta ƙi: wace rana, ƙarfe nawa, inji da zafi ko da sanyi, an yi ruwa ko an wanke mota, mai nawa ne a tanki, wane sauti ka ji, me ka yi ta tashi. In za ka iya, ɗauki sautin da waya. Bayan ta yi maka 'yan lokuta za ka ga abin yana da tsari. Wadda ke nauyi da sassafe a hunturu, batir ne da zafin bazara ya riga ya cinye, sanyi ya zo ya fallasa. Wadda ke ƙi sai in ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, wani abu ne ke shan wuta a ɓoye, kuma ka fara zargin abin da aka ƙara mata daga baya: rediyo, na'urar bin sawu, jiniyar ɓarayi, ko fitilar but da ba ta mutuwa. Mota in ta yi barci bai kamata ta ja fiye da kimanin miliamfiya 50 ba, kuma mita tana nuna wannan.

Akwai abubuwan da ba na so ka yarda a yi wa motarka ko da wa ya ce. Kada a cire kan batir inji yana aiki wai don a gwada caji. Wannan dabara ta zamanin da mota ba ta da kwamfuta ce. Yau wutar na iya yin tsalle ta ƙone biren bos, alhali mita za ta ba da amsar cikin daƙiƙa biyar. Kada a naɗa waya a madadin fis da ya ƙone, domin fis ya mutu ne don kada mota ta kama wuta. Kada a gwada ƙarfin batir ta hanyar haɗa kawunansa da sufana a ga tartsatsi, batir yana fitar da iska mai kamawa, kuma ruwansa yana makantarwa. Kada a tuttula fetur a bakin inji wani yana leƙe. Kai kuma kada ka danne kik fiye da daƙiƙa goma a jere. Ba shi hutu, in ba haka ba za ka ƙara matsala ta biyu a kan ta farko. Sannan in an ce za a ja maka waya kai tsaye a sa maɓalli "ka riƙa dannawa kawai", ka sani an binne ciwon ne, ba a cire shi ba.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod inda ake jona na'urar bincike. Kwamfutar takan ajiye lambar abin da ta gani ko da matsalar ta wuce; P0335, alal misali, tana nuni ga layin sansar kiranshaf. A tsofaffin motoci da yawa cire batir yana goge wannan ajiya, don haka a karanta kafin a kwance komai. Amma lambar layi take nunawa, ba ta ce lallai sansar ce ta mutu ba. Waya ce wataƙila ta goge a jikin ƙarfe, ko soket ya cika da baƙin mai.

Game da bakanike, ka yi masa adalci. Mu ne muka koya musu canje-canje, domin ba ma son biyan kuɗin bincike. Mutum ya yi awa biyu yana bin waya ya gano noti ɗaya da ya saki, sai mu ce, "Ai ba abin da ka sa," mu miƙa masa kuɗin ruwa. Wanda ya ce a sayo famfo kuwa mu biya ba musu. To wa zai ɓata lokacinsa? Ka gaya masa tun farko cewa za ka biya ladan nema daban. In ya ce abu kaza ne, tambaye shi cikin ladabi, "Oga, me ka gani?" Mai sani zai nuna maka a mita ko a hannu. Wanda ya ce "mu dai gwada" yana gwaji ne da kuɗinka. A canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ba haka ba ko ta gyaru ba za ka san wanne ne ba. Karɓi tsohon kayanka ka ajiye. Sau da yawa na asalin da aka cire ya fi wanda aka sayo, ko sabo ne a kwali ko gwanjo daga Ƙofar Ruwa ko Fanteka, domin na gwanjon ma daga jikin wata tsohuwar aka ciro shi, kuma ba ka san ko da irin ciwon ya zo ba.

Kuma kada ka saba da ita a haka. Na ga masu neman gangara duk inda za su ajiye mota, har sun san wane masallaci ne ke da tudu. Otomatik dai ba ta turuwa. Wadda ke turuwar ma, ka tuna ba kullum ake samun matura ba: akwai daren da za a ce maka haihuwa ta zo, akwai dajin da ba a son tsayawa. Mota mai wannan hali ba a kama doguwar hanya da ita da iyali a ciki, in kuma dole ta sa, kada ka kashe inji a inda ba mutane.

Bayan an ce an gyara, tashinta a gareji ba hujja ba ce, da ma can tana tashi a gareji. Mayar da ita cikin halin da ta saba ƙi. In da rana take yi, ajiye ta a tsakiyar rana da gilasai a rufe, ka dawo da azahar ka murɗa. In bayan doguwar tafiya ne, yi tafiyar, ka kashe ta a ƙofar garejin, ka ba ta minti goma ka gwada bakanike yana tsaye. In ta kwana biyu take yi, bar ta ta kwana uku. Ku yi wannan yarjejeniya da shi tun kafin ya ɗauki sufana, a kan cewa cikon kuɗinsa sai ta ci wannan gwaji.